Malam Takalmi da Ma'aunin Waƙar Hausa: Darasi ga Mai Tattara Waƙoƙin Gobir da Katsinar Maraɗi

Gabatarwa

Ɗalibin da ya ɗauko waƙar gaɗa ko ta noma daga wani ƙauye na Agye, Gazawa ko Gidan Rumji yakan ci karo da matsala guda idan ya zo nazarin karinta. Yakan rubuta ta da daidaitacciyar Hausa, ya ɗauko ƙafafun arulli ya gwada, ya ga sun ƙi hawa, sai ya yanke hukunci cewa waƙar baka ba ta da ma'auni, kiɗa ne kawai ke jan ta. Daga cikin masanan da suka yi aiki mai zurfi wajen warware wannan zato akwai Farfesa Russell G. Schuh, Ba'amurke masanin kimiyyar harshe da waƙa, wanda aka fi sani a tsakanin manazarta Hausa da Malam Takalmi, domin sunan nasa a Jamusanci takalmi yake nufi. Wannan darasi zai kawo taƙaitaccen tarihinsa, ya bayyana abin da ya gano game da ma'aunin waƙar Hausa, sannan ya nuna abin da hakan ke ɗora wa mai tattara waƙoƙi a waɗannan gundumomi uku na jahar Maraɗi.

Rayuwarsa da Ayyukansa

An haifi Schuh ranar 14 ga Maris, 1941, a jihar Oregon ta Amurka. Faransanci ya fara karantawa, a Jami'ar Oregon sannan a Jami'ar Northwestern. Sanin Faransancin ne ya share masa hanyar zuwa Nijar, inda ya yi shekara biyu, daga 1965 zuwa 1967, a matsayin ɗan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps. Aikinsa shi ne kula da yaƙi da jahilci a yankin Agadas da Tawa, kuma a nan ya fara mu'amala da Tamashek da Hausa. Ke nan Hausar da ta fara shiga kunnensa ta Nijar ce.

Da ya koma gida sai ya shiga sashen kimiyyar harshe na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas. A 1969 zuwa 1970 ya zauna a Potiskum yana nazarin harshen Ngizim a ƙarƙashin wani shirin bincike da Paul Newman, wato Malam Sabo, ya jagoranta, kuma a kan ginin jumlar Ngizim ya sami digirin digirgir a 1972. Daga 1973 zuwa 1975 ya yi aiki da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano. A 1975 ya koma jami'arsa ta Los Anjalas yana koyarwa, kuma a can ya ci gaba da aiki har rasuwarsa ranar 8 ga Nuwamba, 2016. A tsakanin haka ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982 zuwa 1983, lokacin da ya fara binciken harshen Miya na jihar Bauci.

Ayyukansa a kan harsunan Cadi suna da yawa. Akwai ƙamus na Ngizim a 1981, da nahawun Miya a 1998. A shekarun 2000 ya haɗa hannu da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri da wasu ƴan asalin harsunan jihar Yobe, suka fitar da ƙamusoshin Bade, Bole, Karekare, Ngamo da Ngizim, kowanne da fassarar Hausa da Turanci. A ɓangaren Hausa, shi da Newman sun wallafa nazari a kan lokutan Hausa a 1974; shi da J. Ronayne Cowan sun fitar da littafin koyon Hausa mai suna Spoken Hausa a 1976. Sannan ya yi aiki da Abdullahi Bature wajen shirya darussan bidiyo na Hausar Baka. Ya kuma daɗe yana editan mujallar Studies in African Linguistics. Bayan rasuwarsa Newman ya tace babban littafin da ya bari a kan harsunan Cadi, aka fitar da shi a 2017. A gefen duk wannan, tun daga shekarun 1980 har ƙarshen rayuwarsa bai daina nazarin karin waƙa ba, kuma wannan ɓangare ne darasin nan ya sa a gaba.

Tushen Ma'auni: Nauyin Gaɓa

Kafin a fahimci abin da Schuh ya ƙara, sai an tuna da abin da ma'aunin waƙar Hausa ya ginu a kai. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), da kuma baƙi da wasali da baƙi (BWB). Ta farko sassauƙa ce, ana nuna ta da (v). Biyun ƙarshe nannauya ne, ana nuna su da (–). Masana suna auna wannan nauyi da abin da ake kira mora: sassauƙar gaɓa mora ɗaya ce, nannauya mora biyu.

Wannan bambanci yana aiki a nahawun harshen kansa, tun kafin a zo ga waƙa, kamar yadda Newman ya nuna a wata maƙala ta 1972. A dubi jam'i. Kalmomin wuri, damo da gida suna farawa da sassauƙar gaɓa, jam'insu kuwa yana maimaita baƙin ƙarshe: wurare, damame, gidaje. Kalmomin zomo, kifi da suna suna farawa da nannauya, jam'insu sai ya ɗauki -aye: zomaye, kifaye, sunaye. Yaron da bai taɓa shiga makaranta ba yana bin wannan ƙa'ida ba tare da kuskure ba. Kunnen Bahaushe ya riga ya san nauyin gaɓa, mawaƙi kuwa da wannan sani yake aiki.

Arulli da Inda Ya Tsaya

Ilimin arulli Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8, ya fitar da bahar 15, daga baya aka ƙara mutadarak suka zama 16. Da yake Larabci ma yana bambance sassauƙar gaɓa da nannauya, malaman ƙasar Hausa ba su sha wahala ba wajen ɗora waƙoƙinsu na wa'azi da madahu a kan waɗannan karuruwa. Joseph Greenberg ya bayyana haka a wata maƙala ta 1949, Mervyn Hiskett ya faɗaɗa a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975, kuma a wannan shekarar M. K. M. Galadanci ya kira al'amarin auren waƙa tsakanin Larabci da Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya.

Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai, sai dai ta bar tambayoyi biyu a buɗe. Ta farko: idan marubuci ya kauce wa ƙafar Larabci a ɗango bayan ɗango, kuma masu sauraro ba su ji karaya ba, shin kuskure ya yi ko wata ƙa'ida yake bi? Ta biyu: waƙoƙin makaɗa da na mata da na yara, waɗanda masu yin su ba su karanta arulli ba, da me ake auna su? Ɗalhatu Muhammad ya riga ya nuna akwai zumunta tsakanin marubuta waƙoƙi da makaɗa, har marubuta sukan ari muryoyin makaɗa. Daga nan Schuh ya ɗauki zaren.

Abin da Schuh Ya Ƙara

Abu na farko shi ne ƙa'idar musaya. A arulli, zihafi yakan ba da damar a mayar da nannauyar gaɓa sassauƙa, ƙafa ta rage nauyi. Schuh ya lura cewa musayar da ta fi yawa a waƙar Hausa ita ce wadda ke tsare nauyin ƙafa yadda yake: sassauƙa biyu su zauna a gurbin nannauya ɗaya, ko nannauya ɗaya ta zauna a gurbin sassauƙa biyu. Ga ɗango biyu da aka tsara domin wannan darasi a karin mutadarak:

Suka je suka zo da hatsi da gyaɗa
v v – / v v – / v v – / v v –

Gero, dawa, suka kai su gida
– – / – – / v v – / v v –

Ɗangon farko gaɓa 12 ne, na biyu gaɓa 10, amma kowanne mora 16 ne, kowace ƙafa mora 4. Wanda ya rera su yana tafi zai ji tafin na faɗuwa a wuri ɗaya. Abin da mawaƙi ke tsarewa shi ne adadin bugu, kuma wannan ne ke haɗa waƙa da kiɗa.

Abu na biyu shi ne karuruwan da babu su a arulli. Akwai wani kari da ya yawaita a waƙoƙin baka da rubutattu, wanda ƙafarsa ke farawa da nannauya, sassauƙa biyu su biyo baya. Da yake juyin mutadarak ne, Schuh ya raɗa masa suna da ke nufin kishiyar mutadarak. Misalinsa:

Gobe da safe a kai shi gari
– v v / – v v / – v v / –

Mai riƙe da bahar 16 kaɗai zai yi ta lanƙwasa wannan ɗango da zihafi da illa don ya cusa shi a wani gida, alhali tsarinsa a fili yake. Haka kuma Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda aka san ya ɗora bisa muryar kiɗan caji: masu arulli sukan sa ta a ramal, Schuh kuwa, a wata maƙala da ya buga a Harsunan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, ya nemi a fahimci karinta ta hanyar komawa ga kiɗan da ya haife ta. Ya kuma nazarci waƙoƙin wasu harsunan Cadi, kamar salon kona na Bolawa, ya tarar su ma nauyin gaɓa suke bi. Wannan yana ƙarfafa ra'ayin cewa auna waƙa da nauyin gaɓa gado ne na gida, wanda arulli ya tarar ya zauna a kai.

Abu na uku shi ne raba ma'aunin matani da ma'aunin rerawa. Waƙar Hausa, ko rubutacciya ce, don rerawa ake yin ta. Mai rerawa yakan ja wata gaɓa, ya matse wata, ya bar gurbin numfashi a ƙarshen ɗango. Saboda haka Schuh yakan zana jadawalin bugu, ya jera gaɓoɓin a ƙarƙashinsa, don a ga inda kowace ta faɗa. Wannan hanya ta kai matuƙa a maƙalar da ya rubuta tare da abokin aikinsa Bruce Hayes a kan rajaz na Hausa, wadda ta fito a mujallar Language a 2019, bayan rasuwarsa. Sun nuna cewa ɗangon rajaz mai ƙafa biyu yawanci kowace ƙafarsa mora 6 ce, kamar (v – v –) ko (– v v –), alhali asalin mustaf'ilun (– – v –) mora 7 ce. Sun auna yawan kowace irin ƙafa a waƙoƙi daban-daban, suka ga rabon yana sauyawa daga waƙa zuwa waƙa. Sannan sun nuna cewa mai rerawa yakan sake ɗora matanin a kan wani amo na dabam, har suka auna tsawon gaɓoɓin da aka rera. Darasin a nan shi ne: wanda ya auna rerawa kaɗai zai ɗauka mawaƙi na yin yadda ya ga dama, wanda ya auna takarda kaɗai kuma rabin waƙar ya gani.

Karin Harshe da Karin Waƙa

A nan ne batun ya shafi mai bincike a jahar Maraɗi kai tsaye. Gundumar Gidan Rumji ƙasar Gobir ce, a cikinta Tsibiri take, mazaunin Sarkin Gobir. Agye da Gazawa kuwa Katsinanci ya fi rinjaye a cikinsu. Hausar waɗannan wurare ta sha bamban da ta Kano, wadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta, kuma bambance-bambancen kashi biyu ne ta fuskar ma'auni.

Kashi na farko ba ya taɓa nauyi. Hausar yamma ta riƙe baƙaƙen leɓe a ƙarshen gaɓa inda ta gabas ta mayar da su wasali, abin da ake kira dokar Klingenheben, wadda Schuh ma ya yi rubutu a kanta: sabka da sauka, zamna da zauna, amre da aure. Gaɓar sab da gaɓar sau duk nannauya ne. Haka mallam da malam, ko hulla da hula: inda ɗaya ta ninka baƙi, ɗayar ta ja wasali, nauyi bai motsa ba.

Kashi na biyu shi ne mai haɗari. A Gobiranci da sauran Hausar yamma ana cewa munka, kunka, sunka inda daidaitacciyar Hausa ke da muka, kuka, suka. Suka sassauƙa biyu ce (v v), sunka kuwa nannauya da sassauƙa (– v). A mayar da ɗangon farko na sama zuwa wannan kari:

Sunka je sunka zo da hatsi da gyaɗa
– v – / – v – / v v – / v v –

Ɗangon ya tashi daga mora 16 zuwa 18. A takardar arulli duka biyun suna iya shiga mutadarak, domin (– v –) ita ce lafiyayyar ƙafarsa, (v v –) kuma wadda zihafi ya taɓa. A kunnen mai tafi kuwa sun rabu, domin ƙafa biyun farko sun ƙara bugu ɗaya-ɗaya. Wannan ne ya sa marubutan Kano da Zariya ma sukan ari sunka idan kari ya bukaci nannauya a wurin. Haka nan Bagobiri zai ce shi yaz zo, ita tat tahi, yana ninka baƙin da ke biye. Shi ya zo (– v –) mora 5 ce, shi yaz zo (– – –) mora 6. Idan zabiya ta rera yaz zo, ɗalibi ya "gyara" ya rubuta ya zo, to ya cire mora ɗaya da hannunsa, sannan ya dawo yana mamakin yadda ɗangon ya karye. Karayar daga alƙalaminsa ta fito.

Akwai kuma matsalar rubutu. Ƙa'idar rubutun yau ba ta nuna tsawon wasali. Gari na zama (v –) da gari na tuwo (– –) rubutunsu ɗaya. Haka dawa ta ci (– –) da dawa ta jeji (v v). Rubutun da aka yi yaƙi da jahilci da shi a Nijar bayan taron Bamako na 1966 yana ninka dogon wasali, aka bar hakan bayan taron Yamai na 1980 domin a daidaita da Nijeriya. Daidaitawar ta amfani mai karatu, amma mai auna waƙa dole ya koma ga ninkawar a takardar aikinsa.

Matakan Aiki

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da matakai bakwai ga mai son auna waƙar baka.

Na ɗaya, a ɗauki waƙar a inda ake yin ta, da tafinta ko gangarta ko bugun taɓaryarta, bayan an nemi izinin masu ita. Waƙar daka da aka rera a zaune ba turmi ta rasa ma'auninta na zahiri.

Na biyu, a rubuta abin da baki ya furta, da karin harshen mai waƙar, a ninka dogon wasali. Fassara zuwa daidaitacciyar Hausa, idan ana bukatarta, ta zo a layi na dabam.

Na uku, a yanka gaɓoɓi a sa alamar nauyi. A tuna cewa sh, ts, ky, gw, ƙw da makamantansu baƙi ɗaya ne kowanne. Ai da au nannauya ne. Dogon wasali yakan gajarce idan baƙi ya rufe gaɓar, kamar gida da gidan, don haka babu gaɓa mai mora 3. Gaɓar ƙarshen ɗango kuma ana lissafa ta nannauya ko da gajera ce.

Na huɗu, a zana jadawalin bugu, a ga gaɓar da kowane tafi ko bugun ganga ya faɗa a kai.

Na biyar, a ware layukan jagora da na amshi. Amshi yakan tsaya a siffa ɗaya, don haka daga gare shi ake fara gano karin. Jagora ya fi sakewa, yakan fara kafin bugu ko ya cusa ƙarin gaɓoɓi.

Na shida, a ƙidaya. Ɗango biyu ko uku ba su isa hujja ba. A jera duk ɗangogin waƙar, a ga siffar da ta fi yawa da waɗanda ke musaya da ita, kamar yadda Hayes da Schuh suka yi wa rajaz.

Na bakwai, sai bayan wannan duka a nemi suna. Idan karin ya dace da wani bahari na arulli, a faɗa. Idan bai dace ba, a bayyana shi yadda yake, a kira shi da sunan kiɗan da masu shi ke kiran sa.

Kammalawa

An ga yadda Russell Schuh ya fara da yaƙi da jahilci a arewacin Nijar, ya ƙare a matsayin ɗaya daga cikin manyan masana harsunan Cadi, da kuma yadda ya nuna cewa waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, tana tsare adadin mora, tana da karuruwan da arulli bai ƙunsa ba, kuma matani da rerawa kowanne da ma'auninsa. Yawancin waƙoƙin da aka gina wannan nazari a kansu daga Nijeriya suka fito, daga littattafan da aka buga da faya-fayen da aka ɗauka a can. Waƙoƙin fadar Tsibiri, da na ƴan kokowa, da na gayyar noma a karkarar Cadawa da Gangara, da na gaɗa da niƙa da daka, fili ne da ɗaliban wannan yanki suka fi kowa cancantar shiga, domin su ne kunnensu ke rarrabe yaz zo da ya zo ba tare da an faɗa musu ba. Injin niƙa ya riga ya rage waƙar dutsen niƙa a garuruwa da yawa, kuma tsofaffin da suka iya ta suna ƙaranci. Abin da aka rubuta daidai a yau shi za a iya aunawa gobe; wanda aka gyara wa harshe kafin a adana shi kuwa, ba mai iya mayar masa da morar da ta faɗi.